Ruwan Randar Innata

Shekarun baya, can farkon shekarun tamanin, ina aji shida a firamare, muna zaune a wani gidan haya a Panshekara. Mahaifina yana aiki a wata masaƙa a Challawa, ya fita da keke ya dawo da burbushin auduga a gira. Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel aka kawo ta, kuma kullum gani take mutanen birni ido suka zuba mata suna jiran ta yi ƙauyanci. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kama sunana. "Ke" ce ni, ranar da take cikin nishaɗi kuma in zama "'yar nan".

A daminar da ta gabaci wannan shekara muka yi rashin ƙanena. Ba a daɗe da yaye shi ba amai da gudawa suka kama shi, kafin a farga Allah ya karɓi abinsa. Inna ta yi haƙuri irin wanda ake yabo. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce kwana ne ya ƙare, kuma ni dai ban ga hawayenta ba. To amma a zaman makokin wata maƙwabciyarmu ta faɗi wata magana. Na tabbata ba da mugun nufi ta yi ba, irin matan nan ce da ba sa iya barin shiru ya zauna lafiya. Ta ce, "Ai yaro in an yaye shi, ruwan randa ke ɗauke shi, in ba a kula da randar." Aka ci gaba da addu'a.

Tun daga ranar Inna ta sa randar nan a gaba. Kullum da safe sai ta juye ruwan, ta zura hannu har kafaɗa da soso da toka, ta dirje, ta ɗauraye, ta kife ta a rana. Moɗar da muke ɗiba da ita ma ba ta tsira ba. Mahaifina ya taɓa ce mata cikin wasa wata rana hannunta zai ɓullo ta gindin randar. Ba ta yi dariya ba, shi ma bai sake ba. Ni a lokacin ban haɗa wankin randa da maganar maƙwabciya ba, abin da ya dame ni kawai shi ne ni ake aika famfo in sake cika ta.

Ana cikin haka malaminmu na kimiyya ya shigo aji da albishir. Ya ce wani kamfani a Bompai ya ware babban ɗaki ya zuba kayan kimiyya don 'yan makaranta, kuma an ba ajinmu rana. Ya ce can ba irin ofishin hedimasta ba ne da ake cewa kar a taɓa, komai taɓawa ake yi. Akwai kuma ɗakin gwaji da za a ba kowa madubin likita ya leƙa da idonsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kowa ya zo da ruwa a kwalba daga gida ko unguwa, kuma wanda ya fi ƙazanta shi ya fi.

Jama'a, ba a taɓa ba mu aikin gida da muka yi da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Yaran da ko za a yanka su ba sa yin lissafi, ranar suna cikin kududdufi har gwiwa. Ƙawata ta ɗebo nata a wani tafki mai gansakuka, kore shar. Wani yaro ya zo da nasa har da 'ya'yan kwaɗi suna iyo. Ni kuma, da yake ba na son a fi ni, na tsuguna a bakin kwatar bayan gidanmu na cika kwalba da wani baƙin ruwa mai wari, na ɓoye a bayan turmi ina jin ba mai kama ƙafata.

Hancin Inna ne ya tona ni. Ta ɗago kwalbar da yatsu biyu ta ce, "Ke, mene ne wannan?"

Na ce, "Na makaranta ne, Inna. Gobe za a duba ruwan gidan kowa da madubi a Bompai."

Ta ce, "Za a duba ruwan gidan kowa?"

Na ce, "E, Malam ya ce a gaban kowa za a duba."

A nan na yi kuskuren baki, don Inna ba kimiyya ta ji ba, duba-gari ta ji. Ku yaran yanzu ba ku san duba-gari ba. Ma'aikacin tsabta ne mai kaki, ya shigo gida ya ɗaga faifan randa ya leƙa, in ya ga tsutsa ko ɗaya ya kifar da ruwan a tsakar gida, unguwa ta kwana da labarin matar. A wurin Inna, duk wanda ya ce zai duba ruwan gida to matar gidan zai duba. Na yi bayani har bakina ya gaji, na ce Malam da kansa ya ce mai datti ake so. Ta ce, "Haka suke cewa don su kama mutum. Da raina ba za ki ɗauki ruwan kwata ki ratsa garin Kano da shi ba, a ce daga gidanmu ya fito."

Ta zubar da ruwana mai daraja. Ta samo kwalbar lemo ta wanke da sabulu, ta ɗebi ruwa ta tafasa, ta bar shi ya huce, ta tace da sabon ƙyalle, ta ɗura, ta toshe bakin da totuwar masara. Ta ɗaga shi a rana tana juyawa, fari ƙal kamar ba komai a ciki. Na zumɓura baki na ƙi cin tuwo, daga baya da na ga ba mai lallashi na na jawo kwanon. Da mahaifina ya dawo na kai ƙara, ya saurare ni tsaf yana cire takalmi, ya ce, "Abin da uwarki ta ba ki shi za ki kai."

Da safe na saka yunifom, na ɗauki kwalbata cikin fushi, har na kai zaure sai na ji ta a bayana. Ta waiga ta tabbatar ba kowa, sannan ta ciro wata 'yar ƙaramar kwalba daga ƙugunta. Ta kama bakin ɗankwalina ta ƙulle ta a ciki.

Ta ce, "Wannan daga randa na ɗebo, ban yi masa komai ba. In kin ga mutane sun ragu, ki ba mai madubin. Ki ce uwarki ce ta ce a duba mata, ko da wani abu a ciki mai cutar da yaro." Ta ƙara da cewa, "Kada babanki ya ji, kada kowa ya ji."

Na ce to na ruga, don ina jin ƙarar mota. Sai da muka zauna a bas ɗin ma'aikatan da aka aro mana, muka wuce Sharada yara na ta waƙa suna buga kujeru, sannan kalmar "yaro" ta dawo min. Yaro ɗaya muke da shi a gidanmu, kuma ba ya nan. A lokacin na gane abin da Inna ke nema a cikin randa duk safiya. Ƙawata ta zungure ni ta ce me ya sa ba na waƙa, na ce mota ce ke juya min ciki.

Amma yaro yaro ne. Da muka sauka a Bompai, ƙanshin alewa da na sabulu na tasowa daga kamfanoni, aka buɗe mana ƙofar ɗakin nan, sai damuwar ta koma gefe. Abin da ya fara tarbar mu ƙwarangwal ne a tsaye yana washe haƙora. Ajin gaba ɗaya ya ɗauki a'uziyya, na gaba suka tattake na baya, sai da aka ƙwanƙwasa shi muka ji ƙarar roba sannan muka dawo muna cika baki cewa dama mun sani. Akwai wani keke da in ka murza ƙwan lantarki ya kama, samarin ajinmu suka yi ta gumi a kai. Akwai maganaɗisun da ya ƙwace wa monita makullin aji daga hannu. Sai wata ƙatuwar ƙwallon ƙarfe da aka ce in ka dafa gashin kanka zai miƙe. To hedimasta, don kada mu ba shi kunya a gari, ya sa an aske duk maza tas, mu mata kuma an yi mana sabon kitso an matse. Muka yi ta dafawa ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya motsa. Ƙarshe dole Malam ya cire hula ya dafa da kansa, da yake ya tara suma irin ta samarin lokacin. Sumar ta bushe ta yi sama, muka kwashe da dariya har da masu faɗuwa, kuma ranar ba a doki kowa ba.

Daga nan aka shigar da mu ɗakin gwaji. Dogayen tebura ne, da madubai jere, da wata mata mai farar riga har gwiwa, 'yar Filato, gajeriya mai tabarau. Malam ya ce mu kira ta Madam. Ta nuna mana yadda za a ɗiga ruwa a ɗan gilashi, a rufe da wani siriri, a ɗora, a murza a hankali har abu ya fito. Ba a jima ba ɗakin ya kaure da ihu. Ƙawata ta ce, "Wayyo Allah, kasuwa ce a cikin nawa!" Na leƙa nata, wallahi ba ta yi ƙarya ba. Wasu na juyi, wasu na gudu, wani mai gashi-gashi ya zo ya bangaje wani ya wuce abinsa. Mai 'ya'yan kwaɗi ya rantse ya bar wanka a kududdufi har abada, alkawarin da bai kai Juma'a ba.

Na ɗiga nawa na babbar kwalba. Na murza gaba, na murza baya, farin fili kawai nake gani. Yara suka yi layi suna leƙawa suna dariya, wani ya ce mutanen cikin nawa sun tafi cin rani. Madam ta zo ta leƙa, ta ɗaga kwalbar ta dubi totuwar, ta ce, "Wannan ruwa an tafasa shi, ko?" Na sunkuyar da kai na ce e. Ta ce wa ajin, "To ku zo ku gani. Irin wannan ake sha. Duk wanda ya kawo kasuwa, ga abin da wuta ke yi wa kasuwar." Kunyata ta ɗan ragu, amma har yanzu gani nake an cuce ni.

Aka ce a fita waje za a raba lemo da biskit. Kafin a rufe baki ɗakin ya zama wayam. Ba zan ɓoye muku ba, ƙafata ɗaya ta bi su, don lemo a wurinmu sai da salla. Na tsaya dai ina kwance bakin ɗankwali, ƙullin Inna ya ƙi kwantuwa sai da na sa haƙori.

Na ce, "Madam, Innata ce ta ce in ba ku wannan. Ta ce a duba mata ko da wani abu mai cutar da yaro."

Ta karɓa tana murmushi, ta ce, "Yaya aka yi kwalba biyu? Wane yaro?"

An ce kada kowa ya ji, amma ban san yadda zan yi ba. Na gaya mata komai, da ƙanena, da maganar maƙwabciya, da wankin randa. Ina magana ina kallon takalmina. Da na ɗago, murmushin ya tafi. Ta tambaye ni yaushe abin ya faru, na ce da damina. Ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri."

Sai ta jawo kujera ta zauna a gaban wani madubi na daban, babba, wanda ba a bar mu mun taɓa ba. Ta wanke hannu, ta ɗauko sabon gilashi ta goge, ta ɗiga ruwan randar Inna. Ta daɗe tana kallo. Ta juya idon madubin ta sake kallo, ta sake ɗiga wani ta sake dubawa. A waje ina jin ana buɗe kwalaben lemo, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, ni kuma ina tsaye kamar ni za a yanke wa hukunci. Can ta ce in zo in leƙa. Na ga 'yan ɗige-ɗige a tsaye ba sa motsi. Wani ɗan abu ya gifta ta gefe, har yau ban san ko halitta ba ce ko gashin idona.

Ta cire tabarau ta kama kafaɗata ta ce, "Ki saurare ni, yarinya, ki faɗa mata yadda na faɗa. Ki ce na duba da babban madubi, na duba da kyau. Randarta mai tsabta ce. Ba ita ba ce." Ta sa na maimaita. Sannan ta ce, "Ki kuma ce mata na ga ruwan da ta tafasa, ta iya. Ta riƙa tafasa na sha haka, ta bar randa ta huta." Da na fito an gama rabo, amma ƙawata ta rage min rabin lemonta, ya yi ɗumi a hannunta.

Mun iso gida wajen la'asar. Tsakar gida cike da mata, ana tankaɗe ana wanke-wanke, ni kuma na buɗe baki na fara zuba, ga ƙwarangwal, ga sumar Malam, ga kasuwar cikin ruwan ƙawata. Kunya nake ji in na tuna, amma na sha'afa da saƙon gaba ɗaya. Inna ta zuba min abinci, ba ta tambaye ni komai ba. Sai da matan suka watse, kowa ya shiga ɗaki salla, ta zo ta tsaya kusa da randa ta ba ni baya, tana gyara faifan da ba abin da ya same shi.

Ta ce, "Ke. Saƙona fa?"

Na ajiye cokali na miƙe tsaye kamar a aji. Na ce, "Ta ce ta duba da babban madubi, ta duba da kyau. Randarki mai tsabta ce. Ba ke ba ce."

Ta ce, "Mace ce?"

Na ce, "Mace ce, Inna, mai farar riga."

"Ta tsaya ta duba, ko leƙawa kawai ta yi?"

"Ta daɗe, har aka gama rabon lemo. Sau biyu ta ɗiga."

"Da bakinta ta ce ba ni ba ce?"

"Da bakinta."

Inna ta lalubi turmi ta zauna. Ta ja bakin zaninta ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza, ba sauti. Kukan da ba ta yi ba a gaban masu gaisuwa ranar ta yi shi, a gaban 'yar farinta da take jin nauyin kallo. Ban san abin da ake yi wa babba in yana kuka ba, sai na ɗebo ruwa a moɗa na miƙa mata. Ta karɓa ta sha. Washegari ba a aike ni famfo da sassafe ba, kuma daga lokacin tukunyar tafasa ruwan sha ba ta sauka daga murhunmu ba.

Allah cikin ikonsa, aikin da na yi har na yi ritaya ke nan, ɗakin gwaji na asibiti, ido a kan madubi. Ban yi nisa a karatun ba na gane abin da Madam ta sani sarai a ranar. Ɗigon ruwan da aka ɗebo watanni bayan rasuwa ba zai gaya wa kowa abin da ya kashe yaro ba, kuma ƙwayoyin da ke kawo irin wannan ciwo ba a kama su da leƙawa haka. Tana iya ce min madubi ba ya amsa wannan tambaya, kuma da ta yi gaskiya. Na sha juya abin a raina. Akwai lokacin da na ce bai dace ma'aikaci ya faɗi abin da bai tabbatar ba, ni ma haka na koya wa waɗanda suka biyo bayana. Amma ban taɓa iya jin haushinta ba. Ina ƙaunar matar nan, ban ma san sunanta ba, kuma duk sanda ta faɗo min a rai sai na yi mata fatan alheri.

Inna ta rayu ta ga jikoki. Duk wata mai jego da ta zo gidanmu sai ta sha huɗubar tafasa ruwa, a ƙarshe kuma ta ji cewa ita randarta an taɓa duba ta da babban madubi a Bompai. Sau ɗaya kawai ta taɓa tayar da maganar da ni. Ta tsufa sosai a lokacin, ina zaune ina yanke mata farce, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "'Yar nan, ke da kika karanci abin, matar nan gaskiya ta faɗa, ko?"

Na ci gaba da yankan farcen. Na ce, "Gaskiya ta faɗa, Inna. Ni ma na leƙa."